Waya ta ce rana, kan dutse kuwa iska ta hana tsayuwa: me za a duba kafin a hau tsauni?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani gari da ke gindin manyan duwatsu. Makon jiya ni da abokaina uku muka shirya hawa, tunda manhajar wayata ta nuna rana, digiri 9, iska kaɗan. Mun yi kamar awa uku muna hawa sai iska ta taso mana, ko tsayuwa da ƙyar, tana watsa mana dusar ƙanƙara a ido, alhali sama garau take ko gajimare babu. Da ƙyar muka sauko. Shin hasashen ne ƙarya, ko mu ne ba mu iya karanta shi ba? Muna so mu sake gwadawa nan da kwana goma, me ya kamata mu duba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da arziki, tunda ku huɗun kun sauko da ƙafafunku. In na fahimce ka, kana so ka san yadda aka yi waya ta yi muku alkawarin rana da sauƙin iska kuka tarar da akasin haka a sama, sannan kana neman abin da za ka duba kafin ku koma. Na daɗe ina yi wa masu hawan dutse jagora, rani da hunturu, kuma irin labarin nan naka na ji shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hasashen bai yi ƙarya ba. Na garin da kake zaune ne, kuma ina kyautata zaton haka aka wuni a garin ranar, rana ƙwal, iska na kaɗawa a hankali. Ku ne kuka ɗauki hasashen gindin dutse kuka hau da shi sama. A can kuwa iska ake fara tambaya, kafin rana, kafin ruwa, kafin digiri, domin ita ce ke yanke irin sanyin da jiki zai sha, ita ce kuma ke raba dusar ƙanƙara inda ta ga dama.

Inda waya take samo lambobinta

Yawancin manhajojin yanayi ba su da wani ma'aikaci da ke zaune yana kallon dutsenku. Lambobin suna fitowa ne daga manyan kwamfutocin da ke lissafin tafiyar iskar duniya baki ɗaya. Fitattu biyu su ne na cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, ECMWF, mai hedikwata a garin Reading na Ingila, da wanda ake kira GFS na NOAA, hukumar yanayi ta Amurka. Kwamfutar tana yanka doron ƙasa gida-gida kamar saƙar raga, kowane gida ta ba shi tsayi ɗaya, zafi ɗaya, ƙarfin iska ɗaya. Faɗin gida a lissafin Turai kimanin kilomita 9 ne, a na Amurka kimanin 13.

A fili shimfiɗaɗɗe wannan ba matsala ba ce. A ƙasar duwatsu kuwa babbar matsala ce. Garin Chamonix na Faransa yana kan tsayin mita 1,035, ƙololuwar Mont Blanc da ke kansa tana kan kimanin mita 4,800, tazarar da ke tsakaninsu a miƙe kuma kimanin kilomita 10 ce kacal. Ka ga kusan gida ɗaya ya haɗiye su duka. Kwamfutar za ta aske kan dutsen, ta cike kwarin, ta fitar da wani tudu matsakaici wanda babu shi a duniya, sai manhaja ta ɗan gyara lambar ta liƙa mata sunan garin. Hukumomin yanayi na wasu ƙasashe suna da lissafi mai ƙananan gidaje, na Faransa kilomita 1.3, na Suwizalan kimanin kilomita 1, kuma sun fi ganin duwatsu nesa ba kusa ba. Duk da haka ko su ba sa ganin lungun da za ka bi da ƙafarka.

Batun zafi mai sauƙi ne, kana iya lissafa shi da ka. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da digiri 6.5. Samari masu ƙarfi cikin awa uku za su hau kamar mita 1,200, wato daga digiri 9 kun sauka zuwa kimanin 1. In iskar da ta same ku ta kai kilomita 60 a awa, abin da fatarku ta ji ya yi daidai da digiri 7 ƙasa da sifili. Tara a waya, bakwai ƙasa da sifili a kunci da yatsu, duk a rana ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Akwai ranakun da abin ke juyewa, musamman bayan dare mai tsit a hunturu, sanyi ya gangaro ya kwanta a kwari da hazo, sama kuwa rana da ɗumi. Irin wannan safiyar takan hana mutane fita a ranar da ta fi kowace kyau.

Me ya sa iskar sama daban take

A ƙasa, bishiyoyi da gine-gine da tuddai suna riƙe iska, suna rage mata gudu, kwari mai zurfi ma yakan ɓoye mutum daga gare ta gaba ɗaya. Da ka fito kan doron dutse ka shiga iskar da ba abin da ya tare ta. Ƙari a kan haka, in iska ta iske dutse a gabanta dole ta matse ta wuce ta kansa ko ta mashigin da ke tsakanin duwatsu biyu, kuma kamar yadda ruwa ke ƙara gudu in ka danne bakin tiyo da yatsa, haka ita ma take yi. Shi ya sa mashigi da doron dutse suka fi ko'ina iska, wani lokaci ninki biyu ko uku na abin da aka ji a gari.

Wani abin da mutane ba sa lura da shi: ƙarfin turin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka biyu, turin ninki huɗu yake yi. Iskar kilomita 80 ba ta tsaya a ninkin ta 40 ba, turinta a ƙirjinka ya ninka na waccan sau huɗu. A abin da na gani a aiki, a kilomita 30 mutum yana tafiya lafiya sai dai sanyi. Daga 50 tafiya ta fara wuya, magana sai da ɗaga murya, taswira ba ta buɗuwa a hannu. Tsakanin 70 da 80 tana gusar da babban mutum daga inda ya sa ƙafa, mai jaka babba a baya ya fi shan wahala, da ma iska na wahalar da mai kayan kara. Daga 100 sai rarrafe. Kuma hasashe yakan ba da lamba biyu, matsakaicin gudu da kuma bugun da ke zuwa farat ɗaya. Ta biyun ce ke kayar da mutum a bakin rami, don haka ita nake dubawa.

Kada tsayin dutse ya ruɗe ka, ka ce ai namu ƙarami ne. Dutsen Washington da ke jihar New Hampshire ta Amurka mita 1,917 ne kawai, amma a ranar 12 ga Afrilu 1934 ma'aikatan tashar da ke kansa sun auna bugun iska na kilomita 372 a awa. Cairn Gorm na Sikotilan mita 1,245 ne, kuma a watan Nuwamba 1971 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da ayarin 'yan makaranta a filin da ke samansa, yara biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu. Abin da ke sa dutse haɗari shi ne inda yake tsaye a hanyar iska, tsayi yana biyo baya.

Sai kuma iskar da dutsen da kansa yake haifarwa, wadda manyan kwamfutoci ba su cika kamawa ba. A ranar da sama ta washe, rana tana ɗumama gangaren dutse, iskar da ke kansa ta yi sauƙi ta fara hawa. Daga hantsi za ka ji ta tana hura maka ƙeya in kana hawa, ta yi ƙarfi bayan azahar, ta lafa da faɗuwar rana. Da dare sai ta juya, iska mai sanyi da nauyi ta gangaro ta bi kwari kamar ruwa. Wanda ya kafa tanti a tsakiyar kwari ko a bakin rafi don ya ga wurin a kwance yake, shi zai sha wannan sanyin, da ya ɗan hau gefe da mita 30 ko 50 da ya yi barci. A tafkin Garda na arewacin Italiya masu jirgin ruwa mai filafilai sun san lokutan nan kamar agogo: da safe iskar arewa da suke kira Pelèr, bayan tsakar rana iskar kudu mai suna Ora. Masu tashi da lema daga kan dutse su ma da wannan jadawalin suke aiki. Kowane yankin duwatsu yana da irin nasa, kuma mutanen wurin sun san shi fiye da kowace manhaja.

Wadda ta fi yaudarar baƙo ita ce iska mai ɗumi da ke gangarowa ta bayan dutse, wadda a tsaunukan Alps ake kira föhn, a duwatsun Rocky na Amurka da Kanada kuma chinook. Iska mai laima ta bugi dutse ta fara hawa, tana zubar da ruwanta ko dusarta a wancan gefen, tana sanyi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000. Da ta tsallaka ta fara sauka a bushe, sai ta riƙa ɗumama da kusan digiri 10 a duk mita 1,000. Iskar da ta taso da digiri 10 daga tsayin mita 500, ta haye dutse mai mita 3,000, tana iya isa wancan kwarin da digiri 20. Wani lokaci ko ruwa ba ta zubar ba, iskar can sama ce kawai ake jawowa ƙasa, sakamakon ɗaya ne. A garin Spearfish na jihar Dakota ta Kudu, ranar 22 ga Janairu 1943, irin wannan iskar ta ɗaga zafi daga digiri 20 ƙasa da sifili zuwa 7 sama da sifili cikin minti biyu. Mai zama a gari zai ga rana da ɗumi a tsakiyar hunturu ya ce yau ce ranar hawa, alhali a daidai lokacin doron dutsen guguwa ake yi. Bayaninka na digiri 9 da sama garau da iska mai hana tsayuwa ya sa na yi zargin irin wannan ranar kuka faɗa. Alamarta a sama ita ce gajimare mai santsi, mai siffar faifai ko kifi, yana tsaye cak a saman dutse ba ya gusawa. Tsayuwar tasa ce ke ruɗin mutane. Iska ce ke ratsa shi da gudu, yana haɗuwa ta gaba yana narkewa ta baya. Duk ranar da na gan shi da safe, na fasa doron dutse.

Dusar da ta watsa muku a ido

Ka ce babu gajimare amma dusar ƙanƙara tana dukanku. Ba daga sama ta zo ba, wadda ta riga ta sauka ce iska ke kwasa. Sabuwar dusa busasshiya tana fara tashi tun iska tana kilomita 15 zuwa 20 a awa, in ta kai 50 kuwa sai ta tashi sama da kan mutum ta rufe gani. Wannan shi ne ɓangaren labarinka da ya fi tayar mini da hankali, ba don idanunku ba, sai don inda dusar take zuwa.

Iska tana share gefen da take bugu, ta kai kayan ta jibge a gefen da ya ba ta baya, da cikin kwazazzabai, da bayan kowane ƙusumbin dutse. A hanya tana farfasa ƙwayoyin su zama gari, in sun sauka sai su manne su yi tauri kamar daɓe. Cikin 'yan awoyi tana iya tara abin da ya ninka wanda ya sauko daga sama sau da dama. Matsalar ita ce wannan daɓen yakan zauna a kan wani shimfiɗi mai rauni, tsohuwar dusa mai warwatsewa kamar yashi, ko raɓar da ta daskare a daren sanyi. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan, tsagewar ta ruga ta ko'ina cikin ƙiftawar ido, gangaren gaba ɗaya ya zame da kai a kansa. Masu hawan Alps sun daɗe suna cewa iska ce maginin zaftarewar dusar ƙanƙara. Yawancin irin wannan zaftarewar tana faruwa ne a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma a cikin goma, kimanin tara na waɗanda abin ya rutsa da su, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita. Wanda ta binne, in an tono shi cikin minti 15 na farko, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 abin ya koma kusan uku cikin goma. Ma'ana masu ceto daga gari ba za su iso a kan lokaci ba, abokan tafiyarka ne kaɗai madogara, su ma sai in suna ɗauke da na'urar gano wanda aka binne, da sandar soke dusa, da shebur, kuma sun koyi aiki da su tun kafin ranar.

Bari in ba ka abin da ya same ni. Wata shekara na fita da mutum biyar, kwana biyu bayan an yi dusa kamar santimita 20. Safiya ce mai kyau, kwari tsit. Tun daga ƙasa na hango wani farin abu kamar hayaƙi yana tashi daga ƙololuwa yana karkata gabas, na gan shi sarai, amma na ce ai hanyarmu ba ta kai can. Da muka kusa mashigi sai dusar da ke ƙarƙashin takalmina ta canza. A baya tana da laushi ƙafa na nutsewa, yanzu ta yi tauri, launinta ya dushe kamar alli, in na taka tana amsawa kamar ganga. Na ƙara taku biyu sai na ji wani "wum" daga ƙarƙashinmu, ƙasa ta ɗan zauna, siririyar tsaga ta fita daga kan takalmina ta yi gaba kamar mita goma. Babu wanda ya ce uffan. Na ɗaga hannu, muka koma da baya ɗaya bayan ɗaya a kan sawunmu. Gangaren bai zame ba, Allah ya kiyaye, amma laifin nawa ne. Hayaƙin nan da na gani da safe ya riga ya gaya mini iskar yamma tana loda gefen gabas, kuma gefen gabas muka dosa. Tun daga ranar, da na karanta inda iska ta fito, sai in buɗe taswira in shata gefen da ke kishiyarsa. A tuna, hasashe yana kiran iska ne da sunan inda ta fito. Iskar yamma gabas take kai kaya.

Ƙasashe masu manyan duwatsu suna fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa kullum a hunturu. A Suwizalan cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos ce ke yi. Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai hawa biyar, Amurka da Kanada ma hawa biyar suke amfani da shi. Mutane suna ganin 3 su ce tsaka-tsaki ne, ba laifi. Wannan kuskure ne mai tsada, domin kimanin rabin mace-macen a hawa na 3 suke faruwa. A 4 da 5 yawancin mutane suna zaune a gida, a 3 kuwa dutse yana da kyan gani kuma tarkon a ɗane yake. Kada ka tsaya a lambar, karanta rubutun da ke ƙarƙashinta, shi zai faɗi daga wane tsayi haɗarin ya fara da kuma gefen da ya fi muni. Yawan sabuwar dusa shi kaɗai ba ya faɗin komai: santimita 30 da ta sauka a natse tana iya zama lafiya, 10 ko 20 da iska ta yi wasa da ita kuwa ta isa ta kashe.

Lamba ɗaya kuma da za ka nema ita ce tsayin da zafi ke kaiwa sifili. Dusa takan sauko ƙasa da wannan layin da kamar mita 300, in zubar ta yi ƙarfi ta fi haka. In layin ya yi tsalle sama kwatsam, ko ruwa ya sauka a kan dusa, ta jiƙe ta yi nauyi, gangaren da rana ke duka su fara zubowa daga hantsi. In ya faɗo bayan narkewa, hanyar da aka bi jiya cikin sauƙi ta wayi gari ƙanƙara mai santsi, takalmin da ba shi da ƙusoshin ƙarfe a tafinsa ba ya kama ta.

Tafiyarku ta nan da kwana goma

Abin da waya za ta nuna maka yau game da wannan ranar, kada ka gina komai a kansa. Tun 1963 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a ma'aunin farko yana girma har ya lalata lissafin gaba ɗaya. Saboda haka cibiyar Turai take gudanar da lissafinta sau 51, kowanne da ɗan bambanci a farawa, a ga ko za su tafi tare. In sun haɗu a kan abu ɗaya akwai ƙarfin gwiwa, in sun watse kowa ya kama gabansa to babu wanda ya sani tukuna. Manhaja ba ta nuna maka wannan, hoton rana ɗaya take ba ka kamar an gama magana.

Ga yadda nake yi. Saura mako guda ina duba yanayin gaba ɗaya ne kawai: ana sa ran kwanaki masu natsuwa, ko hadari na bin hadari? Saura kwana uku nake fara yarda da lambobi, kuma hasashen duwatsu na hukumar yanayi ta ƙasar nake nema, wanda ke ba da iska da zafi a tsayi daban-daban, kamar mita 1,500 da 2,000 da 3,000. In tsayin da za ka kai babu shi a hasashen, ba naka ba ne. Ina kuma bin abin da ya faru a kwanaki ukun da suka gabaci tafiyar, nawa aka zuba, daga ina iska ta kaɗa, domin dusar da zan taka ranar Asabar tun Laraba aka gina ta, da ma Juma'ar da za ta yi kyau daga Laraba ake gane ta. Daren tafiya ina karanta sanarwar zaftarewa, da asuba in duba tashoshin awo da ke kan dutse da kyamarorin wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, don su abin da ke faruwa yanzu suke nunawa. In akwai masu kula da ɗakin kwanan mahaya ko ma'aikatan ceto, ina kiransu. Wani jagora ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya tsara wannan a mataki uku: ka auna a gida, ka sake aunawa in ka isa wurin, ka sake a gaban kowane gangare. A kowane mataki ana iya fasawa.

A hanya kuma ido ya fi waya. Siraran gajimare kamar gashin doki da ke yaɗuwa suna kauri, da zobe kewaye da rana ko wata, sukan riga lalacewar yanayi da awa 12 zuwa 24. In agogonka mai auna tsayi ya nuna ka "hau" mita 40 ko 50 alhali a wuri ɗaya ka kwana, nauyin iska ne ya faɗi, alamar hadari na tafe. Da rani tsawa ce abin tsoro, takan haɗu bayan azahar, shi ya sa ake sammako a bar ƙololuwa kafin tsakar rana. Tsakanin walƙiya da ƙararta, duk daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Rana ma a sama ba wasa ba ce, sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na haskenta mai ƙuna, ido ba tabarau yana iya kwana yana zubar da hawaye kamar an zuba masa yashi.

Ku yanke lokacin juyowa tun kuna gida, ku faɗe shi da baki kowa ya ji, ku kuma bar wa wani a gari hanyar da za ku bi da lokacin dawowarku. A sama, ga gajiya ga ƙololuwa tana kiranka, hankali ba ya yanke hukunci mai kyau, hangen Dala kuwa ba shiga birni ba ne. Ku bar rigar auduga a gida, in ta jiƙe da gumi iska ta buge ta, ita ce ke zuƙe zafin jiki. Riga mai tare iska, safar hannu biyu, hula, da tabarau mai rufe gefen ido su ne kada ku tafi ba tare da su ba a wannan karon. In ka ga abokinka ya fara rawar ɗari, magana na sarƙe masa, yana tuntuɓe ko ya yi shiru ba kamar yadda ka san shi ba, sanyi ya fara cinsa, a juya nan take.

Daga nan inda nake ba zan iya ce maka gangare kaza lafiya yake ba, kuma duk wanda ya ce maka haka ta waya bai taka wurin ba, kada ka saurare shi. Karatun dusar ƙanƙara ba a gama shi a rubutu, sai an tona da shebur an taɓa da hannu tare da wanda ya iya, kuma ko mu da muka daɗe a ciki takan ba mu mamaki. Shawarata ga ku huɗun, tunda sababbi ne: a wannan hunturun ku zaɓi hanya mai alama wadda karkatarta ba ta kai digiri 30 ba, kuma babu gangare mai tsayi a samanta. In bugun iska a tsayin da za ku kai ya wuce kilomita 50 a awa, ko sanarwar zaftarewa ta kai 3, ku tsaya cikin bishiyoyi a ƙasa. In kuma ƙololuwar nan ce lallai kuke so, ku nemi jagora mai lasisi na yankin ya kai ku, ko ku jira dusar ta narke.